Turaren Sinawa Mai Kwantar Da Hankali: Yadda Ake Haɗa Shi Da Yadda Ake Ɗumama Shi A Gida

A shekarar 1974 masu haƙar kayan tarihi suka ciro wani jirgin ruwa na katako daga cikin laka a gaɓar birnin Quanzhou, kudu maso gabashin ƙasar Sin. Jirgin ya nutse tun ƙarni na 13, kuma mafi yawan kayan da ya ɗauko itacen ƙamshi ne, kimanin kilo 2,400. Wannan birni shi ne Larabawa ke kira Zaitun, kuma ta irin waɗannan tashoshi lubban da sandal da kanumfari suka riƙa shiga ƙasar Sin. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, masu ilimi sun ɗauki abubuwa huɗu a matsayin adon zaman gida: ƙona turare, haɗa shayi, rataya zane, da shirya furanni.

Sinawa suna ƙona turare a ɗakunan bautarsu da kuma wajen tunawa da kakanni. Wanda zan yi bayani a kansa daban ne, turaren ɗakin karatu ne da ɗakin barci, wanda mutum ke haɗawa daga itace da saiwa da ɓawo da ƙaro don ya samu natsuwa.

Mu da muka tashi da kaskon turaren wuta mun saba a barbaɗa turare a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki ya kama labule da tufafi. Wannan yana da wurinsa. Gwanayen Sinawa kuwa abin da suke nema shi ne ƙamshi ya fito, hayaƙi ya yi kaɗan ko ma babu shi sam. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu: kaɗan ake sawa, da zafi kaɗan, kuma ba a yin sa a gurguje.

Kayan ƙamshin

Manyan kayan ƙamshi huɗu ne a wurinsu: itacen ud, sandal, ambar da almiski. Mai farawa ya bar na ukun da na huɗun. Suna da tsadar gaske, jabunsu ya fi na ainihi yawa a kasuwa, kuma barewar da ake samun almiski daga jikinta tana cikin dabbobin da doka ke karewa.

Ud, wanda suke kira chenxiang, yana samuwa ne idan bishiyar Aquilaria ta ji rauni ta fitar da ƙaro a cikin jikinta, shekara da shekaru har itacen ya yi duhu ya yi nauyi. A ƙasar Sin ana noman bishiyar a Guangdong da tsibirin Hainan. Saboda yawan sarar ta a daji, cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, don haka ka nemi na gona. Ya fi araha, kuma ya ishe ka. Ud na gaskiya ƙamshinsa a ɓoye yake idan yana da sanyi, sai ya ji zafi yake buɗewa, yana sauyawa daga zaƙi zuwa ɗan ɗaci-ɗaci. Idan ka buɗe leda ƙamshi ya buge ka nan take, ko ka murza itacen ya bar maka baƙi da maiƙo a yatsa, an jiƙa shi da turaren kwalba ne.

Sandal shi ne abokin mai farawa. Fararen sandal na Indiya, musamman na yankin Mysore, shi ne Sinawa suka fi girmamawa. Na Ostireliya ya fi sauƙin kuɗi, ƙamshinsa ya fi kaifi kaɗan, amma yana aiki.

Sauran kayan da yawansu kana da su a kicin ko a wurin mai kayan ƙamshi: kanumfari, kirfa, lubban, busasshen ɓawon lemo. Sinawa suna da nasu ɓawon lemon da ake ajiyewa shekaru, chenpi, wanda ya fi suna shi ne na Xinhui a Guangdong. Akwai gansong, wata saiwa daga tsaunukan yammacin ƙasar mai ƙamshin ƙasa-ƙasa, wadda ke yawan shiga haɗin barci. Akwai xiangfu, saiwar wata ciyawa 'yar'uwar kajiji. Har farcen nan na turare, murfin bakin dodon koɗi na teku, suna da shi, suna kiransa jiaxiang, kuma aikin da yake yi musu shi ne wanda yake yi wa matan Borno da na Sudan: ya riƙe ƙamshi kada ya gudu da wuri.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙaramin sikeli mai auna giram, ƙaramin turmi da taɓarya ko injin niƙa da ba a taɓa niƙa yaji a ciki ba, rariya mai laushi sosai, kwalba ko tulun tangaran mai murfi, kasko mai zurfi, toka, da gawayi.

Mataki na farko: gyaran kaya kafin niƙa

Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ya bambanta haɗin Sinawa da zuba gari a kan gari. A fahimtarsu kowane abu yana da hali, kuma sai an tausasa halin kafin a haɗa shi da wani. Sandal, alal misali, suna ganin yana da zafi da bushewa, wanda zai iya sa mutum ya kasa zama wuri ɗaya maimakon ya natsu. Don haka tsofaffin littattafansu suka ce a farfasa shi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a jiƙa shi a ruwan shayi, a tsame, sannan a soya a busasshiyar tukunya da wuta kaɗan.

Ga yadda za ka yi. Dafa koren shayi mara sukari, ka bar shi ya huce. Zuba ɓarzajjen sandal a ciki ya kwana. Da safe ka tace, ka shanya a inuwa har ya bushe. Sai ka ɗora tukunya a wuta mafi ƙanƙanta, ka riƙa juyawa na 'yan mintuna har ɗanyen warin itacen ya tafi, ƙamshi mai laushi kamar na madara ya taso. Kada ka bari ya soma baƙi. Kanumfari ma ɗan taɓa shi da wuta na minti ɗaya ko biyu yana rage masa yaji.

Lubban yana manne wa turmi idan ana zafi. Sa shi a firiza na awa guda, ka daka shi yana da sanyi, zai farfashe kamar gilashi. Ɓawon lemo kuma ka kankare farin cikinsa tun yana ɗanye, don farin ne ke ba da ƙauri idan ya ji wuta.

Kowane abu a niƙa shi shi kaɗai, a tankaɗe shi shi kaɗai, sai ya yi laushin fulawa. Abin da ya ƙi wucewa a rariya a mayar turmi. Idan injin niƙa kake amfani da shi, ka riƙa kunnawa kana kashewa, domin idan ya yi zafi man ƙamshin yana tashi tun kafin a kai ga kasko.

Mataki na biyu: tsara haɗin

Masu haɗa turare a Sin suna bin tsarin da masu maganin gargajiyarsu ke bi. A kowane haɗi akwai sarki, akwai waziri, akwai mataimaki, akwai ɗan aike. Sarki shi ne mafi yawa, shi hanci zai fara ji kuma shi zai rage a ƙarshe. Waziri yana ƙarfafa sarki. Mataimaki yana gyara inda sarki ya yi yawa, ɗan aike kuma ɗan mitsitsi ne da ke ɗaga ƙamshin ya zagaya ɗaki. Amfanin wannan tsari shi ne yana hana ka zuba komai daidai wa daida, wanda shi ne ke sa turare ya zama hayaniya a hanci.

Haɗin da nake ba mai farawa shawara a kai shi ne: sandal giram 10, ɓawon lemo giram 2, lubban giram 1, kirfa giram 1, kanumfari rabin giram. Idan ka samu gansong, ƙara giram 1. Idan kana da ud, mayar da shi sarki a giram 7, sandal ya koma waziri a giram 3, sauran su tsaya yadda suke. Ka kula da kanumfari ƙwarai. Yana da ƙarfin da zai danne kowa, kuma yana wartsakar da mutum ne, ba kwantar da shi ba.

Haɗa garin, ka sake tankaɗe shi sau biyu don ya gauraya, ka rufe a kwalba. Rubuta awon a takarda ka manna a jiki, saboda in haɗin ya yi daɗi ka iya maimaita shi.

Wanda ba shi da kuɗin sandal ma ba a bar shi a baya ba. Tun zamanin Song akwai wani sanannen haɗi na masu ƙaramin ƙarfi da ake yi da abubuwa huɗu da ake zubarwa: ɓawon lemo, ɓawon lici, sauran fiyar Sin (wata 'yar'uwar tuffa mai ruwa-ruwa) bayan an matse ruwanta, da sauran rake bayan an matse shi, kowanne daidai da ɗan'uwansa, a busar a niƙa. Lici ɗan itace ne na kudancin Sin wanda ba lalle ka samu ba, amma lemo da rake suna nan, kuma su biyun tare da ɗan kirfa suna ba da ƙamshi mai zaƙi mara nauyi. Ina son wannan haɗi saboda yana nuna cewa gwaninta ce ke yin turare, tsadar kaya tana biyo baya.

Mataki na uku: mulmula shi da zuma

Daga garin nan hanyoyi uku ne a gabanka: ƙwayar zuma, turaren hatimi, da na tsinke. Mafi kyau ga mai neman natsuwa ita ce ƙwayar zuma, domin ba ta ci da wuta, ɗumama ta kawai ake yi.

Ba ɗanyar zuma ake zubawa ba, sai an dafa ta. Zuba zuma mai kyau a ƙaramar tukunya, wuta kaɗan, kana kwashe kumfar da ke tasowa. Za ta yi ta ƙananan tafasa, launinta ya ƙara duhu. Gwajin da Sinawa ke yi shi ne a ɗiga ɗigo ɗaya a ruwan sanyi: idan ya watse, da sauranta, idan ya dunƙule ya sauka ƙasa, ta yi. Dalilin dafawar shi ne a kore ruwan da ke cikinta, don ruwan ne ke jawo funfuna. In ta wuce ta soma ƙauri, zubar da ita ka sake, domin ƙaurin ba zai ɓoyu ba.

Tana da ɗumi za ka riƙa zubawa a garin kaɗan-kaɗan kana cuɗawa. Ga giram 15 na gari, fara da cokalin shayi ɗaya, ka ƙara sai ya haɗu ya zama ƙulli mai tauri wanda ba ya manne wa yatsa. Sai ka mayar da shi turmi ka kirɓa. Tsofaffin takardun haɗi sukan ce a daka sau ɗaruruwa, wasu har dubu. Ba sai ka ƙirga ba, amma kada ka tsaya sai ƙullin ya yi santsi ya ɗan yi sheƙi. Ka mulmula ƙwayoyi girman gyaɗa, ka bar su kwana ɗaya ko biyu a inuwa su sha iska.

Sai ajiya, wadda suke kira jiaocang. Jera ƙwayoyin a tulun tangaran ko kwalba, ka rufe ruf, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Mutanen da sukan like bakin tulun su binne shi a ƙasa. Ƙasan kabad ya isa. Mafi ƙaranci mako biyu, wata guda ya fi. A ranar da ka haɗa, hancinka zai riƙa rarrabe kirfa daban, lemo daban. Bayan wata guda ƙamshi ɗaya za ka ji. Da damina ka riƙa leƙawa duk mako. Idan ka ga danshi a jikin kwalbar, fito da su su sha iska, wadda ta yi funfuna kuma a jefar.

Turaren labulen gado

Wannan shi ne mafi shahara cikin turaren barci na Sinawa, kuma ana danganta shi da Li Yu, sarkin ƙarshe na daular Tang ta Kudu, mawaƙi, wanda ya rasu a 978. Tsohon awon shi ne kashi goma na garin ud, kashi ɗaya na garin sandal, sai fiyar Sin. Wannan fiya ita ce mai ruwa-ruwa, 'yar'uwar tuffa, ba fiyar nan mai maiƙo da ake shafa wa burodi ba. Ana samunta a manyan kantuna. In babu, tuffa za ta iya tsayawa, sai dai ƙamshin zai fi tsami kaɗan.

Yanke saman fiyar ka ajiye shi a matsayin murfi. Ƙwaƙule tsakiyarta ka cire ƙwallayen, ta zama kamar ƙaramin tulu. Cika ramin da garin, giram 10 na ud da giram 1 na sandal za su shiga fiya biyu ko uku. Mayar da murfin ka soke shi da tsinken sakace. Ɗora a faranti cikin madambaci ka turara kamar rabin awa, ka sauke ta huce sarai, ka sake. Sau uku ake yi. A ƙarshe ka ɓare bawon, ka dama naman fiyar da garin tare har su zama abu ɗaya, ka haɗa da ruwan da ya taru a farantin.

A nan ne ake yin asara idan aka yi gaggawa, domin wannan ƙulli ya fi na zuma ruwa nesa ba kusa ba. Baza shi siriri a faranti, ka rufe da ƙyalle mai shara-shara, ka bar shi a inuwa mai iska har ya yi taurin da za a mulmula. Bayan ka mulmula ka ƙara busar da ƙwayoyin sosai kafin su shiga kwalba. Ƙamshinsa zaƙi ne mai sanyi, ud a ƙasa, fiya a sama. Idan ud ya fi ƙarfin aljihunka, yi da sandal zalla. Ba shi ne na asali ba, amma za ka so shi.

Mataki na huɗu: ɗumamawa ba tare da wuta ta taɓa turare ba

Wannan ita ce zuciyar al'amarin, kuma a zamanin Song ta kai ga cikarta.

Fara da toka. Sinawa suna sayen farar toka ta musamman, amma tokar itace mai tsabta tana yi, muddin ba a ƙona leda ko roba a cikinta ba kuma mai bai ɗiga a kai ba. Tankaɗe ta sau biyu, ka soya ta a busasshiyar tukunya don danshi da wari su fita. Cika kaskon da ita ya kai kashi uku cikin huɗu, ka motsa ta da tsinke ta yi sako-sako, saboda gawayin da zai shiga ciki yana buƙatar iska.

Gawayi ƙarami ake so, bai fi kan babban yatsa ba, mara wari. Na ɓawon kwakwa yana da kyau. Guji mai kamawa da ashana ɗaya, akwai sinadari a jikinsa da ke ɓata ƙamshi. Kunna shi a waje ko a kan murhu, ka jira sai ya yi ja gaba ɗaya, babu sauran baƙi.

Yi rami a tsakiyar tokar, ka sa garwashin da abin kamawa, ka rufe shi da toka mai kaurin kamar santimita ɗaya zuwa biyu. Tattaro tokar gefe ka tara ta ta yi ɗan tudu, ka daddanna a hankali. Sai ka soka tsinke daga ƙololuwar tudun har ya taɓa garwashin. Ta wannan ƙofa zafi zai hau.

A bakin ƙofar ake ɗora abin da zai raba wuta da turare. Sinawa suna amfani da fallen azurfa ko fallen mika, wani dutse mai sheƙi da ake ɓantarowa siriri. Marubutan zamanin daular Ming sun yaba da gutsuren tsohuwar tukunyar ƙasa da aka goge ya yi siriri, kuma wannan kowa zai iya samu. Takardar foyil da aka ninka sau huɗu ma tana yi. Ɗora ƙwaya ɗaya a kai, ko gari kamar kan cokalin shayi, ko ɗan ɓallin ud girman ƙwayar shinkafa.

Yanzu ka jira. Cikin minti biyu ko uku ƙamshi zai fara tasowa. Idan ka ga hayaƙi, zafi ya yi yawa: ɗauke fallen, ka ƙara toka. Idan minti biyar ta wuce shiru, buɗa ƙofar kaɗan ko ka rage tokar. Idan garwashin ya mutu, ko dai ka danne tokar da yawa ko tana da danshi. Sai an yi ta gwadawa hannu yake gane awon, kuma wannan lura da wuta da ake yi yana cikin abin da ke sa mutum ya natsu, domin ba za ka iya yin sa hankalinka yana kan waya ba.

In kaskon ƙarami ne kuma gindinsa bai yi zafi ba, ɗora shi a tafin hagu, ka kare bakinsa da hannun dama, ka kawo shi kusa da ƙirji. Shaƙa a hankali, ka kau da kai gefe ka fitar da numfashi don kada ka hure tokar. Sau uku ya isa, sai ka ajiye shi ya ci gaba da aikinsa.

Akwai kaskon lantarki mai ma'aunin zafi, kuma ga wanda zai samu ina ganin ya fi lafiya, tunda babu gawayi. Fara daga digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan in ƙamshin ya yi rauni.

Turaren hatimi

Hanya ta biyu ita ce a ƙona garin kansa a kan toka, a cikin wani zane mai layi ɗaya da wuta ke bi daga farko zuwa ƙarshe. Suna kiransa zhuanxiang, kuma a da har lokaci ake aunawa da shi da dare. Yana da hayaƙi, amma siriri.

Motsa tokar, sannan ka daddanna samanta da gindin kofi ta yi shafe. Kada ka danne ta ta yi tauri. Ɗora abin zanen, wani falle ne na tagulla da aka huda zane a jiki. Zuba gari da ƙaramin cokali, ka share shi cikin ramukan har su cika, ka kwashe na sama. Ƙwanƙwasa gefen abin zanen sau biyu ko uku, sannan ka ɗaga shi sama tsaye, ba tare da hannu ya karkata ba. Kunna bakin layin da tsinke mai wuta, ka hure harshen wutar in ya kama, ka bar jan ya yi ta tafiya.

In ba ka da abin zane, yanka shi a kwali, ko ka ja layi mai lanƙwasa a tokar da tsinke ka cika shi da gari. Abin da ke kashe wannan wuta uku ne: toka mai danshi, garin da aka matse da yawa, da ƙaro da ya wuce kima. Shi ya sa lubban bai kamata ya haura kashi ɗaya cikin goma na haɗin ba.

Na tsinke, a taƙaice

Turaren tsinke na gargajiyar masu ilimin Sin ba shi da itacen gora a tsakiya, gari ne zalla da abin ɗauri. Abin ɗaurin garin ɓawon bishiyar nanmu ne, ana sayar da shi a intanet, wasu da sunansa na Japan, makko. Haɗa kashi 80 zuwa 85 na garin ƙamshi da kashi 15 zuwa 20 na abin ɗauri, ka ɗiga ruwa ka cuɗa, ka rufe ƙullin ya huta awa guda. Cusa shi a sirinji mara allura ka matso shi layi-layi a kan allo, ka miƙe su, ka shanya a inuwa kwana uku zuwa bakwai. Da hunturu ka lulluɓe su da ƙyalle, in ba haka ba za su bushe da sauri su lanƙwashe. Idan tsinken yana mutuwa a hanya, ƙaro ya yi yawa ko bai gama bushewa ba. Idan yana karyewa, abin ɗauri ya yi kaɗan.

Lokacin amfani, da maganar lafiya

Don barci, kunna kamar awa guda kafin ka kwanta. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Rage hasken ɗaki, ka zauna, ka sassauta numfashi. Idan ka riƙe ƙamshi ɗaya don wannan lokaci kaɗai, ba ka kunna shi da rana, a hankali jiki yakan saba ya riƙa ɗaukarsa a matsayin alamar hutu. Masu maganin gargajiyar Sin suna cewa ud yana saukar da ƙarfin jiki da ya taso sama, sandal kuma yana daidaita shi. Wannan bayaninsu ne bisa tsarinsu. Abin da zan tsaya a kai shi ne turare yana taimaka wa mai gajiya ya huce, amma ba ya maganin rashin barcin da ya ɗauki makonni, ko ciwon damuwa, ko hawan jini. Waɗannan na likita ne.

Hayaƙin turare, komai tsabtar kayan, hayaƙi ne, yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu shiga huhu. Wani bincike a Singafo da ya bi Sinawa fiye da 61,000 na tsawon shekaru, aka wallafa a 2008, ya samu alaƙa tsakanin daɗewa ana ƙona turare kullum da ƙaruwar sankarar hanyoyin numfashi na sama. Wannan babban dalili ne na fifita ɗumamawa a kan ƙonawa. Taga ta kasance a buɗe ko da kaɗan ne. Kada a taɓa yin barci da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Kafin ka kwanta, fitar da kaskon waje ka tabbata ya mutu, nesa da labule da hannun yara.

Mai asma ko wani ciwon ƙirji ya nisanci hayaƙin gaba ɗaya, haka ɗakin da jariri yake. Mai juna biyu ta tambayi likitarta, kuma su kansu Sinawa tun da can suna hana mai ciki kusantar almiski. Idan ka ci karo da tsohon haɗi mai ɗauke da zhusha ko xionghuang, bar shi: na farkon jan dutse ne mai zaiba, na biyun yana da gubar asenik, kuma zafi yana sakin gubarsu cikin iska.

Wanda ba ya son wuta ko kaɗan yana da wata hanyar, jakar ƙamshi, irin wadda Sinawa ke rataya wa yara a bikin rana ta biyar ga wata na biyar a kalandarsu. Ɗinka ƙaramar jaka da auduga, ka zuba cokali biyu na haɗin nan a ɓarje, ba a niƙe ba, don kada ya riƙa zubowa ta saƙar. Rataye ta a jikin gado ko ka ajiye gefen matashi, ka riƙa murza ta in ƙamshin ya kwanta, ka sauya abin cikin duk bayan wata ɗaya ko biyu.